Tiyar Wa Za A Auna Da Ita?

Duk wanda ya tashi a Sarkin Yamma ya san rigimar tiya. In kaka ta yi, mai saye ya zo da tasa mai zurfi, mai gero ya ce atafau sai da tasa. Kowa na rantsuwa, kuma sau da yawa babu maƙaryaci cikinsu. Ma'aunin ne bai zama ɗaya ba. Wannan rigima ce ta faɗo mini a rai da na fara karanta yadda masana ƙwaƙwalwa ke haɗa aiki tsakanin ɗakunan bincike da yawa. Tambayata, ƴan uwa: in mutane masu ilimi suka taru kan aiki guda, wa ya kamata ya ajiye tiyarsa, kuma wa ke da hakkin ce masa ya ajiye?

Ba na tambaya don son surutu. Kawuna ya kwanta lafiya wata rana, gari ya waye hannunsa da ƙafarsa na dama ba sa motsi. A gida aka ce iska ce ta taɓa shi. Likita ya ce hawan jini ne ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Da ana iya hana irin wannan, to daga bincike za a san hanyar.

Akwai wani shiri da ake kira SIREN, wanda ya haɗa asibitoci 15 na Najeriya da Gana kan wannan ciwo, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan na cikin jagororinsa. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo ciwon. Amma abin da ya ja hankalina, ni ɗalibin harshe, wani wuri ne daban. Don su kwatanta marasa lafiya da masu lafiya, dole su tabbatar masu lafiyar ba su taɓa yin ciwon ba. Suna da tambayoyi takwas na tantancewa, rubuce da Turanci. Sai da aka mayar da su Hausa da Yarbanci da harshen Akan, aka gwada ko suna aiki, har aka haɗa da zane-zane.

Ku duba da kyau. In likitan Kano ya tambayi tsoho ko jikinsa ya taɓa "mutuwa", tsohon na iya nufin kasala bayan noma. In na Kumasi ya tambaya da kalmar da ke nufin rashin jin taɓi kawai, to an auna da tiya biyu ke nan, an zuba cikin buhu ɗaya. Lissafin zai fito tsaf, kuma ƙarya ne, ba tare da kowa ya yi niyyar ƙarya ba. Shi ya sa nake ganin babban aikin mai jagorancin irin wannan shiri, kafin rabon kuɗi da kiran taro, shi ne tsare ma'auni.

Wani zai ce: ai wannan danniya ce. Masani ya yi shekara ashirin yana gina hanyarsa, sai a ce ya bi ta wani? Maganar tana da nauyi. A Turai an fara babban shirin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 2013 ƙarƙashin Henry Markram. Shekara ɗaya kacal, ɗaruruwan masana suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna kuka da yadda ƴan tsiraru ke yanke shawara, har aka sake tsarin shugabancin a 2015. Ga kuɗi, ga ilimi, amma an ɗora tiya daga sama.

Ga kuma wani misali. A 2017 ɗakunan bincike kusan ashirin na Turai da Amurka suka kafa International Brain Laboratory. Suka yarda su horar da ɓeraye kan aiki iri ɗaya, da kayan aiki iri ɗaya, bayanai kuma na kowa ne. A 2025 suka fitar da taswirar aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sama da dubu 600 daga ɓeraye 139. Babu ɗakin da zai iya wannan shi kaɗai. Su ma sun ajiye tiyoyinsu, amma da bakinsu aka zaɓi wadda za a bi.

Nan nake tsayawa. Daidai ne a nemi mutum ya bar hanyarsa don aikin gayya, muddin yana wurin lokacin da aka tsayar da ma'aunin, kuma yana da damar cewa "wannan tiyar ta lanƙwashe" ba tare da tsoron a kore shi ba. Kuma wannan hakki bai tsaya kan farfesoshi ba. Ma'aikaciyar jinya da ke cike takarda, da tafintan da ya san abin da tsoho ke nufi da "mutuwar jiki", su ne suka fi kusa da bakin buhun. Shirin da bai saurare su ba, gero da tsakuwa zai tara.

Mu ma a ƙungiyarmu ta marubuta mun sha faɗa kan ƙa'idar rubutu, ta Yamai ko ta Kano. Ban damu da wadda za mu ɗauka ba. Ina dai roƙon a yanke ta ranar da kowa ke zaune, har da ƴan shekarar farko.