Karatun Tarihi a Jami'a: Abin da Gwandu Ke Tunatar da Kalgo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata magana da ta yaɗu a bakin iyaye, cewa yaron da ya tafi jami'a ya karanta tarihi ya yi asarar shekarunsa, don kuwa tarihi ba likitanci ba ne, ba kuma ilmin addini ba ne. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, aka kuma sa mazauninta na dindindin a Kalgo, jami'a ta matso ƙofar gidan mutanen ƙasar Gwandu, saboda haka ya kamata a auna maganar nan da ma'aunin addini.

Alƙur'ani mai girma cike yake da labarun mutanen farko, kamar Adawa da Samudawa da Fir'auna. A ƙarshen Suratu Yusuf Allah Maɗaukaki Ya bayyana cewa akwai izina cikin labarunsu ga masu hankali, a Suratul Hujurati kuma Ya umarci muminai su bincika labari kafin su yi aiki da shi. To, waɗannan biyun su ne ginshiƙan ilmin tarihi, watau bincike da ɗaukar darasi.

Malaman hadisi sun riƙe tarihi makami. A Bagadaza an taɓa fito da wata takarda, aka ce tun zamanin Annabi aka rubuta ta, shekarar yaƙin Haibara. Da aka kai wa Haɗib al-Bagdadi, sai ya duba sunayen shaidu ya ce jabu ce. Dalilinsa shi ne, cikinsu akwai Sa'adu ɗan Mu'azu wanda ya rasu bayan yaƙin Handaƙ, tun kafin Haibara, akwai kuma Mu'awiya wanda bai bayyana musuluncinsa ba sai shekarar buɗe Makka. Sanin shekaru kaɗai ya tona asirin. Daga baya Imam Sahawi, wanda ya rasu a 1497, ya wallafa littafi sukutum don tsawata wa masu kushe tarihi.

Zamanin da malaman jami'a ke kira farkon sabon zamani, watau daga wajen 1500 zuwa 1800, ba na Turai kaɗai ba ne. A lokacin ne Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, ya kafa daular Kabi da birninta Surame. A 1591 sojojin Maroko suka karya Songhai a Tondibi, bayan shekara uku kuma aka kwashe malaman Tambutu, har da Ahmadu Baba, zuwa Marrakesh. Wanda bai san waɗannan ƙarnuka ba, da wuya ya fahimci ƙasar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tarar, balle dalilin hijirarsa zuwa Gudu a 1804.

Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, bai raba ilmin addini da na tarihi ba. Shi ne ya shugabanci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto a 1804, shi ne kuma ya ci Birnin Kabi a 1805. Duk da wannan aiki, da tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, ya zauna ya rubuta Ida'un Nusuhi inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta wurin kowanne, sa'an nan a 1813 ya rubuta Tazyinul Waraƙati inda ya bi labarin jihadi daki-daki.

Abin lura, bai ɓoye aibin nasa ba. Ya faɗi yadda wasu cikin runduna suka karkata ga ganima da neman mulki, har zuciyarsa ta ɓaci ya bar su ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki bisa shari'a. Ashe tarihi ba kirari ba ne, shaida ce, mai shaida kuwa ba ya ƙari ba ya ragi, ko da a kan ɗan'uwansa.

Akwai kuma abin da ya kamata ya dami mutanen Gwandu. A 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka garin. A nan ya sami Tarihus Sudan, wanda Abdurrahman Sa'adi ya rubuta wajen 1655, ya kwafi sassa daga ciki, ta hanyarsa ne Turawa suka fara sanin tarihin Songhai sosai. Amma ya yi kuskure, ya ce littafin na Ahmadu Baba ne, sai daga baya masu bincike suka gyara. Tazyinul Waraƙati ma, Baturen Ingila Mervyn Hiskett ne ya fassara shi aka buga a Ibadan a 1963. Ba laifi ba ne baƙo ya nemi ilmi, laifin yana ga ɗan gida da ya bar takardun kakanninsa cikin gafaka, gara da ɗigar ruwa suna cinye su. In mai gida bai faɗi labarin gidansa ba, wani zai faɗa, ko daidai ko ba daidai ba.

Saboda haka ɗalibin da Allah Ya nufe shi da wannan fanni yana da abubuwa huɗu a wuyansa. Na farko, ya gyara niyya, kada takardar shaida ta zama iyakar burinsa. Na biyu, ya koyi Larabci da ajami, domin mafi yawan abin da magabata suka bari ba da boko yake ba. Na uku, ya riƙa zuwa inda takardun suke, kamar Gidan Arewa da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a Kaduna a 1970, da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da zaurukan malamai na Gwandu, ya shiga da ladabin almajiri. Na huɗu, ya yi adalci. Yaƙe-yaƙen Gwandu da Kabawa sun wuce, jikokinsu musulmi ne 'yan jiha ɗaya, haramun ne a tono labarinsu don hura wutar gaba.

Su kuma iyaye su sani, al'umma tana bukatar likita, tana kuma bukatar mai tsare mata gaskiyar abin da ya wuce. Masu ajiyar tsofaffin takardu su ba da dama a ɗauki hotonsu tun ba su salwanta ba, wannan yana cikin ilmi mai amfani wanda ladansa ke bin mutum har kabari.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi da sauran magabata, Ya ba ɗalibai ilmi mai amfani da harshe mai gaskiya, amin.