Takardar da yaro ya soke, ɓarna ce?

Ya kai mai karatu, ga tambaya guda. Ɗanka ya komo daga lakkol. Ka buɗe kayensa, ka iske ya zana kura da akuya bakin rijiya. Ƙasan zanen ya rubuta layi huɗu na labarinsu, ya soke ukku, ya sake wasu. Kai ko ka san tiya nawa ta gero ka saida kahin ka sayo wannan kaye. Shin yaron nan ɓarna ya yi, ko aiki?

Uba da yawa nan Cadakori za su ce ɓarna ce. Suna da hujja, don takarda ba kyauta ake samun ta ba. Amma dakata, mu duba sana'o'inmu tukuna.

Mai ginin rumbu ba ya aza laka sai ya zana da'ira bisa ƙasa. In ta karkace ya shahe da ƙahwa, ya sake. Tela shina shata yadi da alli kahin ya sa almakashi. Almajiri shina wanke allonsa ya sake rubutu, ba wanda ya ce ya ɓata tawada. Kai kanka, ran da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, sau nawa ka goge sunanka kahin ya tsaya daidai?

Dubi kuma gonakinmu. Tun wajen 1984 manoman jihar Maraɗi sunka kama sassaben zamani. Kututture ya toho da rassa goma, manomi ya zaɓi masu ƙarhi ya bari, ya datse saura. Haka itatuwa sunka komo a ƙasar Agye da Gazawa. Labari ma haka yake. Yaro ya hwara zuba magana da yawa, kana ya zaɓi ta ƙwarai. In bai zuba ba, me zai zaɓa?

Zane kuwa ba wasa ba ne. Yaro ɗan shekara takwas, bakinsa ya riga hannunsa. Gatana na cike da kansa, amma baƙaƙe na yi mai nauyi. In ya zana kura, zanen ya riƙe mai labarin har hannu ya iso. Kuma zanen na tambayar sa: ina kura ta hito? Me ya kai akuya rijiya?

Manyan marubuta ma da gyara sunka kai. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina, shina da shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja a 1933. A 1936 ya tahi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. Bai yi shi kaɗai ba, shi da Rupert East suke dubawa suna gyara. Littahin ya hito da hotuna zanannu, har yau ana karanta shi.

Amma babbar magana ita ce hali. Yaron da anka buga don ya soke layi, abu biyu zai koya. Zai koyi ɓoye kuskure, zai kuma koyi kwahe na wani don kada ya yi laihi. Gobe shi ne magatakardan ƙungiyar manoma. In ya rubuta buhu 40 wurin 14, tsoro zai hana shi hwaɗi. Yaron da ya saba cewa "wannan bai yi ba, bari in sake", shi za a ba amana. Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi.

To, yaya za a yi da tsadar takarda? Ga dabara. Da hwarko yaro ya ba ka labarin da baki. Sannan ya zana shi bisa rairayi da tsinke, gida ukku: mahwari, tsakiya, ƙarshe. Sannan ya rubuta bisa allon lakkol da alli, ya karanta ma kakarsa. Inda ta ce "ban gane ba", nan ne wurin gyara. Sai labari ya nuna kana ya shiga kaye. Ko a kayen ya soke, a ƙyale shi.

Abin rubutawa kuma bai yi nisa ba. Akwai Gizo da Ƙoƙi. Akwai labarin Bawa Jan Gwarzo, da yadda Gobirawa sunka zamna Tsibiri. Akwai yunwar 1984, wadda tsohi sunka gani da idonsu. In ɗiyanmu mata da maza ba su rubuta ba, labarin zai bi masu shi kushewa.

Kai da ka iya karatu yanzu, daren yau kira yaron, ka ce ya karanta maka abin da ya rubuta. Kada ka hwara da gyara. Tambaye shi: "Daga nan sai me ya hwaru?"