Ɗa Na Kowa Ne, Amma Wa Zai Zaɓa Masa Hanya?

A shekara ta 1968, a garin New Glarus na jihar Wisconsin ta ƙasar Amurka, waɗansu magidanta uku, Jonas Yoder da Wallace Miller da Adin Yutzy, suka ƙi mayar da 'ya'yansu makaranta bayan sun gama aji takwas. Dokar jihar ta wajabta wa kowane yaro karatu har ya cika shekara 16, yaran kuwa shekarunsu 14 da 15 ne. Hukumar makarantun yankin ta kai ƙara, kotu ta sami iyayen da laifi, ta ci kowannensu tarar dala biyar.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma maganar babba ce. Mutanen nan 'yan ɗarikar Amish ne, manoma masu tafiya da keken doki, masu gudun kayan zamani. Sun gaskata cewa makarantar sakandare tana koya wa matashi gasa da girman kai a daidai shekarun da ya kamata ya koyi tawali'u da aikin hannu, yana shirin baftisma. Ba al'adarsu ba ce zuwa kotu, sai da wani faston Lutheran, William Lindholm, ya kafa kwamiti ya ɗauko musu lauya. Ran 15 ga Mayu, 1972, Kotun Ƙoli ta Amurka ta ba iyayen gaskiya. Ta ce ƙarin shekara ɗaya ko biyu a aji bai kai nauyin 'yancinsu na addini ba, tun da jama'ar Amish suna koya wa 'ya'yansu sana'a, ba sa kuma zama wa gwamnati kaya. Ta dogara ga hukuncin 1925 a kan jihar Oregon, wanda ya tabbatar da cewa yaro ba mallakar gwamnati ba ne.

Duk mai tsoron Allah zai ji daɗin wannan hukunci. Iyaye ne suka san zazzaɓin ɗansu da tsoronsa da baiwarsa. Malami yakan riƙe yaro shekara guda ya miƙa wa wani, uwa kuwa tana tare da shi har kabari. Hukumar da ta iya tilasta wa iyali abin da lamirinsu ya ƙi, gobe za ta iya tilasta musu abin da ya fi wannan.

Sai dai alƙali ɗaya, William Douglas, ya ƙi amincewa da wani sashe na hukuncin, dalilinsa kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Ya lura cewa cikin yaran uku, 'yar Yoder kaɗai aka ji ta bakinta a kotu. Sauran biyun ba wanda ya tambaye su. Ya ce mai yiwuwa ɗaya daga cikinsu yana so ya zama mai kiɗan piyano ko ɗan sama jannati, idan kuwa aka rufe masa ƙofar karatu tun yana ɗan shekara 14, da wuya ta sāke buɗuwa. Hukuma ta yi magana da sunan yaro, iyaye ma haka, shi kuwa mai abin yana zaune shiru.

A nan ne tambayar ta wuce ikon kotu. Alƙali yana iya faɗin wanda doka ta ba iko, amma ba zai iya auna ko an yi amfani da ikon domin amfanin yaron ba. Zabura ta 127 tana koyar da cewa Ubangiji ne mai ba da 'ya'ya, saboda haka abin da ke hannun iyaye amana ce, mai riƙon amana kuwa zai ba da lissafi. Manzo Bulus, a Afisawa sura 6, bayan ya umarci 'ya'ya su yi biyayya, nan take ya juya ya gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu. Iko da iyakarsa a wuri ɗaya aka ba da su.

Akwai lokacin da ya wajaba iyaye su tsaya gaban hukumar makaranta, har gaban alƙali, musamman idan an hana yaro gurbi saboda nakasa, ko an tilasta masa abin da ya saɓa wa bangaskiyarsa. Bulus da kansa ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Amma kafin uba ya nemi lauya, ya kamata ya bincika zuciyarsa, ya ga ko makomar ɗansa yake karewa ko martabar kansa. Ya zauna da malamai tukuna, ya nemi shawarar dattawan ikilisiya. Sa'an nan ya kira yaron, ya tambaye shi abin da yake so ya zama, ya kuma saurara har yaron ya gama magana. Ba lalle ne uba ya bi duk abin da ya ji ba, gama yaro yaro ne. Amma uban da ya ci shari'a bai taɓa jin ta bakin ɗansa ba, har yanzu da sauran shari'a a gabansa, wadda ba a ɗaukar mata lauya.