Amanar Wanda Aka Ƙirga

Likitan asibiti mutum ɗaya yake dubawa, ya san sunansa da fuskarsa. Mai binciken annoba kuwa jama'a yake dubawa: mutum nawa suka kamu, a wace unguwa, a wane wata, daga wace rijiya suka sha. Da irin wannan ƙirga aka gane cewa sanƙarau yana bin rani da ƙurar hunturu daga Senegal har Habasha. To, wane haƙƙi ne wanda aka ƙirga yake da shi a kan mai ƙirga?

A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano. Yara kusan 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano. A 2003, da wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan-inna, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Cutar ta tsallaka iyaka, ta gurgunta yaran da ba su taɓa ganin mai bincike ba.

Wani zai ce lokacin annoba ba lokacin dogon bayani ba ne, kuma iyayen ba su yi boko ba. Amma rashin karatu ba rashin hankali ba ne. Uwar da ta san bambancin aro da kyauta za ta gane bambancin magani da gwaji, in aka gaya mata da harshenta.

Ba a ce a bar bincike ba. Allurar MenAfriVac da aka fara yi wa jama'a a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010 sai da aka gwada ta a jikin mutane, ga shi ta kusan kawar da nau'in sanƙarau na A. Abin da ake nema shi ne a faɗi gaskiya, wanda ya ƙi kada a hana shi magani, kuma a dawo wa gari da sakamakon.

Makarantar likitanci da ta koya wa ɗalibi lissafi ba ta koya masa wannan ba, rabin rigakafi ta koyar. Allura ba ta shiga dantsen wanda ya kulle ƙofarsa.