Teburin Sinuka: Ko Sai An Yi Masa Tasa Dokar?



Tun da aka shiga ɗibar tumatir a bana, wata tambaya take ta zuwa daga ƙananan majami'unmu na yankin Kura da Bunkure da ƙauyukan da ke bakin kanal. Iyayenmu na Zumuntar Mata ne suka fara kawo ta, suna cewa, "Fada, me ya hana Ikilisiya ta fito fili ta haramta sinuka, mu huta?" Samari kuwa da suka ji labari sai suka aiko da tasu: a nuna musu surar da aka ambaci sinuka a cikin Littafi Mai Tsarki. In an lura, ɓangarorin nan biyu abu guda suke nema, wato doka mai ɗauke da sunan sinuka. Iyaye suna so a rubuta ta domin su sami sandar duka, 'ya'ya kuwa suna murna da ba a rubuta ta ba domin su sami mafaka.

Samari sun yi gaskiya a abu ɗaya: babu sinuka a cikin Littafi Mai Tsarki, kamar yadda babu babur ko injin ban ruwa. Wasan baƙo ne. Hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙago sinuka ta asali a garin Jabalfur na ƙasar Indiya a 1875. Wanda yaranmu suke bugawa ma ba ita ba ce sosai, ɗan'uwanta ne da ya bunƙasa a Amurka, mai ƙwallaye 15 da farar ƙwallo guda, da ramuka 6, wanda ya zuba nasa ya rufe da baƙar ƙwallo shi ya ci. Sanda ce da tebur da alli, ba tsafi a ciki.

Ikilisiya kuma ba ta taɓa gaba da wasa ba. Waliyyi Toma na Akwino, babban malamin Ikilisiya wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa rai yana gajiya kamar yadda jiki yake gajiya, hutunsa kuwa shi ne nishaɗi mai tsabta. Ya kawo wani tsohon labari game da Yohanna Manzo: wasu sun tarar da shi yana wasa da almajiransa, abin ya ɓata musu rai. Sai ya sa wani mai baka daga cikinsu ya yi ta harba kibiya, sa'an nan ya tambaye shi ko zai iya ci gaba haka ba tsayawa. Maharbin ya ce bakan zai karye. Yohanna ya nuna masa cewa zuciyar mutum ma haka take in ba a sassauta mata ba. Saurayin da ya wuni a sunkuye cikin fadamar shinkafa, ruwa har idon sawu, ko ya wuni yana dakon kwanduna zuwa bakin titi, yana da hakkin ya miƙe da maraice ya yi dariya da abokansa. Ba ni da ikon ce muku buga ƙwallo da sanda zunubi ne, kuma Ubangijinmu ya yi wa malaman da suke ɗaura wa mutane kaya masu nauyi magana mai zafi.

To, iyayena mata, kada ku ce Fada ya bi bayan yara. Kukan da kuke yi ba na banza ba ne, ruwa ba ya tsami banza.

Ku dubi ƙasar da muke zaune a cikinta. Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, da an gama kaka sai samari su ɗauki jaka su tafi cin rani. Yanzu ruwa yana biyo kanal har Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ana noman shinkafa da alkama da albasa da masara da tumatir, har mutanen wasu garuruwa su ne suke zuwa mana cin rani. Wannan baiwa ce daga Allah. Amma ta zo da wani abu wanda kakanninmu ba su saba da shi ba, wato kuɗi a hannun yaro kowace yamma. Ɗan shekara 16 zai yi ƙwadagon ɗiba, ko ya yi lodi a Kwanar Gafan, a biya shi kafin rana ta faɗi, ba uba a kusa, ba uwa. Duk inda irin wannan kuɗi yake yawo, masu neman raba yaro da shi ba su nisa.

A nan ne ya kamata mu tambayi inda teburin yake tsaye, da dalilin da ya sa aka ajiye shi can. Tun da jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, doka ta hana sayar da giya, Hisba kuma tana kamawa. Saboda haka mashayar wannan yanki ba ta da allo a ƙofa. Tana bayan zana ne, ko a ƙuryar wani gida, ko kuwa samari su hau mota ran Asabar su nufi Sabon Gari a cikin Kano. Mai irin wannan wuri bai sayi tebur don ƙaunar wasa ba. Ya san wanda ya zo shan kwalba ɗaya zai sha ya tafi, amma wanda yake jiran layinsa a tebur zai zauna, wanda aka ci zai nemi ramuwa, wanda ya ci zai saya wa abokai. Teburin ƙugiya ce, ƙwallayen nan masu sheƙi kuwa su ne tanar da aka soka mata. Akwai tebur na bakin kasuwa da na gidan kallon ƙwallo inda ba a sayar da kome sai ruwan leda da rake; wannan hukuncinsa dabam. Amma wanda ya san cewa in ya shiga wuri kaza ba ya fitowa a kan ƙafafunsa, to shiga wurin ma laifi ne gare shi tun bai taɓa kwalba ba. Wannan tsohuwar koyarwa ce da kowa ya ji a ajin katikisma: mu guje wa abin da yake kai mu ga zunubi, ba zunubin kaɗai ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce uwar zancen. Da farko ana cewa wanda aka ci shi zai biya kuɗin tebur. Wannan ba wani abu ba ne. Daga nan sai a ce a ɗora wani abu kaɗan don wasa ya yi armashi. Daga nan 'yan kallo su ma su fara ɗorawa a kan wane ko wane. In ka yi magana sai yaro ya ce maka, "Fada, ai wannan ba caca ba ce, gwaninta ce, ba karta ba ce." Wannan ita ce ƙaryar da ta keɓanta da teburin sinuka, kuma saboda ita ne na ga ya cancanci a yi masa magana ta musamman ko da ba a yi masa sabuwar doka ba. Mai karta ya san caca yake yi, lamirinsa yana cizonsa. Mai sinuka kuwa yana gaya wa kansa cewa sana'a yake koyo, gobe hannunsa zai faɗa, zai mayar da abin da ya rasa.

Littafin Koyarwar Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya taɓo wannan a sakin layi na 2413, a ƙarƙashin doka ta bakwai, wadda ta hana sata. Ku lura da wurin da aka ajiye maganar. Abin da yake koyarwa shi ne, yin fare a kan wasa ba shi ne rashin adalci ba a kan kansa, amma yana zama haram da zarar ya raba mutum da abin da yake bukata domin kansa da waɗanda suke wuyansa, kuma son caca yana iya mayar da mutum bawa. Bai raba tsakanin wasan sa'a da wasan gwaninta ba a wajen wannan ma'auni. Tambayar ita ce: kuɗin wane ne a bakin teburin? In kuɗin taki ne, na gona ne. In kuɗin makaranta ne, na yaro ne. In kuɗin kwandunan da babanka ya aike ka ka sayar ne, na babanka ne, kuma sunan abin da ka yi sata, ko da baƙar ƙwallo ta faɗa rami ka dawo da ninki biyu. Bulus Manzo ya gaya wa Timoti, a wasiƙarsa ta fari sura 5, cewa mai bi da ya ƙi kula da mutanen gidansa ya ƙaryata bangaskiyarsa da aikinsa.

Ku yi lissafi da kanku. A ce abin da yake fita daga aljihu kowane dare, tsakanin kuɗin tebur da fare da abin sha, naira 1,000 ne kacal. A wata guda ya zama 30,000. A wata uku na ɗiba ya zama 90,000. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kuma wa ya manta da 2016, shekarar da tsutsa ta cinye tumatir a Kadawa da kewaye, gona ta bushe cikin 'yan kwanaki? Manomi ya riga yana zaune cikin kasadar da bai zaɓa ba: ƙwari, faɗuwar farashi ran da motoci suka yi kaɗan, ƙarancin ruwa a ƙarshen kanal. Wanda yake da wannan a kansa, me zai kai shi sayen wata kasadar da kuɗinsa?

Akwai wani laifi kuma da ya fi wannan muni, wanda masu yinsa suke ɗauka wayo ne. Gwani zai ga baƙon ɗan ƙwadago ya karɓi kuɗinsa, sai ya yi kamar bai iya riƙe sanda ba, ya bari a ci shi sau ɗaya, sau biyu, har baƙon ya saki jiki ya ɗora kuɗin mako guda, sa'an nan ya share tebur. Wani kuma yakan jira sai abokin wasa ya bugu, idonsa yana ganin ƙwallo biyu a wurin ɗaya. Sakin layin nan na 2413 ya lissafa fare na zalunci da maguɗi a wasa cikin manyan laifuffuka, sai dai in asarar ba ta taka kara ta karya ba. Kuɗin gumin mutum na mako guda ba ƙaramar asara ba ce. Wanda ya ci irin wannan kuɗi, furta zunubi kaɗai bai ishe shi ba. Sai ya mayar, kamar yadda Zakka ya yi alkawarin mayarwa ran da Yesu ya shiga gidansa. In mai kuɗin ya koma garinsu ba a san inda yake ba, a ba matalauta. Sojojin da suka jefa ƙuri'a a kan rigar Ubangijinmu a gindin gicciye su ma a ganinsu wasa suke yi, alhali mai rigar yana bisa kansu yana zubar da jini.

Kada wanda abin ya riga ya kama ya fid da rai. Waliyyi Kamilus na Lelis sojan Italiya ne wanda caca ta cinye shi ƙurmus. A birnin Nafoli a 1574 ya rasa kome har rigar jikinsa. Yunwa ta sa ya zama lebura a wurin ginin wasu 'yan zuhudu, a lokacin nan ne kuma Allah ya taɓa zuciyarsa ran 2 ga Fabrairu 1575. Sauran ransa ya ƙare shi yana jinyar marasa lafiya, ya kafa ƙungiyar masu yi musu hidima, ya rasu a Roma a 1614.

Lokaci ma amana ne. Ruwan kanal ba ya jiran kowa. Wanda ya kwana a bakin tebur ya makara ran da layin ban ruwa ya zo kansa, shukarsa za ta ba da shaida. Haka wanda ya raba daren Asabar yana wasa, ya zo Hadaya Mai Tsarki ran Lahadi yana gyangyaɗi a bencin baya, ko bai zo ba sam. Ku tuna kuma mu tsiraru ne a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda giya da caca haram ne a gare su. In aka kama Bitrus ko Yusufu a bayan zana, ba sunan ubansa za a kira ba, cewa za a yi, "Ai Kiristocin nan ne."

Ga 'yan Ikilisiya masu tebur, neman halal ne in kun tsare shi: kada a ɗora kuɗi a kansa, kada a sayar da giya a gefensa, kada a bar ɗan makaranta ya kusance shi lokacin aji, a kuma rufe da wuri. Waliyyi Yohanna Bosko ya tara yaran titi a birnin Turin da wasanni kafin ya koya musu addu'a. Ban ga abin da zai hana ƙungiyar matasa ta wata majami'a ta haɗa kuɗi ta sayi nata teburin ta ajiye a harabar coci ba, inda fitila take, inda katikis yake wucewa. Kwamitin kowace majami'a ya zauna ya duba wannan, iyaye mata kuma a ba su bakin magana a zaman.

Wanda kuma zai zo furta zunubi a kan wannan al'amari, kada ya ce mini, "Fada, na buga sinuka," ya yi shiru, gama ba ni da gafarar da zan ba tebur da sanda. Ya faɗi nawa ne, na wane ne, sau nawa, a wane irin wuri, da kuma ranar da zai fara mayarwa.