Soket, Tanadi da Dogon Buri

Da wuya mutum ya kawo mini aikin haɗa kwamfutar tebur mu rabu bai ce, "Malam, a zaɓo madabod ɗin da zan iya sauya wa furosesa nan gaba" ba. Imam Gazali kuwa, a littafin tuna mutuwa da ya rufe Ihya da shi, ya ce dogon buri daga abu biyu yake tsirowa: jahilci da son duniya. To wanda ya biya kuɗi yau saboda furosesar da ba a ma ƙera ba, tanadi ya yi ko dogon buri?

Soket shi ne mazaunin furosesa a kan madabod, wato allon kwamfuta, kuma in bai dace ba, ko da guduma ba za ta shiga ba. Kamfanin AMD ya fito da soket ɗin AM4 a 2016, ya yi alƙawarin riƙe shi har 2020. Waɗanda suka sayi furosesar Ryzen 5 1600 a 2017, da yawansu sun samu damar ɗora 5800X3D ta 2022 a kan tsohon allon nan, bayan sabunta BIOS. Intel kuwa ya saba sauya mazauni bayan zubi biyu, ko da yake LGA 1700 ya ɗauki uku. Duk wanda ya ce wannan bambanci ba komai ba ne, bai taɓa ƙirga naira a gaban mai sayar da kaya da farashin dala ba.

Amma ko alƙawarin AMD sai da ya yi tangal-tangal. A 2020 kamfanin ya ce allunan AM4 na B450 da X470 ba za su ɗauki Ryzen 5000 ba, sai da masu saye suka yi ca a kansa ya janye maganar. Alƙawarin ɗan Adam ke nan, balle na kamfani mai neman riba. Shi ya sa da na ji an ce soket ɗin AM5 da ya gaji AM4 zai kai 2027 ko fiye, na ce in sha Allahu, kuma da gaske nake.

A ganina, tanadi ba ya tauye aikin yau. Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya ba da shawarar ajiye hatsi a zangarniyarsa shekara bakwai, ya ware abin da za a ci. Mai dogon buri shi ne yaron da ke tace bidiyon biki, ya zuba kuɗinsa kaf a allon AM5 da ram ɗin DDR5, wanda soket ɗin ba ya karɓar waninsa, sannan ya rasa na katin hoto. Ga aikin mutane a hannunsa, amarya na ta kiran waya, shi kuma yana jiran furosesar baɗi. Irinsa nakan ce masa, "Ɗan'uwa, ɗauki allon AM4 na B550 ka sa ram mai yawa, ka miƙa aikin nan kafin Juma'a." Wasu su ji, wasu su tafi shagon gaba.