Ko Waƙa Mai Daɗi Tana Wanke Jini?

A Mako Mai Tsarki akwai tsohuwar addu'a da ake kira Tenebrae, wato duhu da harshen Latin, inda ake kashe kyandir ɗaya bayan ɗaya ana tunawa da shan wahalar Ubangijinmu. Cikin waƙoƙin da aka tsara domin wannan addu'a, kaɗan ne suke taɓa zuciya kamar na Carlo Gesualdo, yariman Venosa a kudancin Italiya, waɗanda aka buga a 1611. Amma hannun da ya rubuta su hannu ne da ya zub da jini.

An haifi Gesualdo a 1566 a gidan sarauta. Mahaifiyarsa 'yar'uwar Waliyyi Carlo Borromeo ce, Babban Bishop na Milan. A 1586 ya auri Maria d'Avalos. A daren 16 ga Oktoba, 1590, a birnin Napoli, ya iske ta tare da Fabrizio Carafa, basaraken Andria, ya kashe su duka biyu da taimakon barorinsa. Kotu ta yi bincike, ta rufe maganar ba tare da ta hukunta shi ba, domin al'adar manyan wancan zamani ta ɗauki irin wannan kisa a matsayin kare mutunci. Ya gudu zuwa gidansa na garin Gesualdo saboda tsoron ramuwar dangin mamatan. A 1594 ya sake aure a Ferrara da Leonora d'Este, ita ma ba ta sami kwanciyar rai a gidansa ba.

Sauran kwanakinsa ya ba da su ga kiɗa. Ya fitar da littattafai 6 na waƙoƙin duniya, da waƙoƙin ibada a 1603, sa'an nan waƙoƙi 27 na Tenebrae, domin muryoyi shida. Salonsa ba na kowa ba ne: yakan haɗa muryoyin da kunne bai saba jinsu tare ba, su yi ta gogayya kamar masu kuka, kafin su daidaita. Ya rasu ranar 8 ga Satumba, 1613, makonni kaɗan bayan mutuwar ɗansa Emanuele.

To, ya kamata mu saurari waƙar mai kisa, har mu yi addu'a da ita? Akwai amsoshi biyu masu sauƙi, kuma dukansu ba su gamsar da mu ba.

Ta fari ta ce a yar da waƙar tare da mai ita. Amma Sarki Dawuda ya sa an kashe Uriya domin ya rufe zunubinsa da Batsheba, duk da haka Ikilisiya tana addu'a da Zabura ta 51, wadda al'ada ta danganta da tubarsa, kuma Gesualdo kansa ya sa mata kiɗa. Baiwa daga Allah take. Mai ita amana aka ba shi, kuma cin amanarsa ba ya mai da kyautar Allah ta zama mugun abu. Da za mu tace littafin waƙoƙinmu sai na marasa zunubi, da shiru za mu yi ran Lahadi.

Ta biyu ta fi haɗari, domin ta fi daɗin ji. Ta ce mutumin ya biya bashinsa da kyawun aikinsa. A nan dole mu tsaya. Maria d'Avalos ta yi zunubi, amma ranta ba mallakar mijinta ba ne, kuma wuƙarsa ta hana ta lokacin tuba wanda shi ya samu har shekara 23. Babu murya, komai zaƙinta, da za ta mayar mata da rana ɗaya. Dawuda ya sami Annabi Natan wanda ya faɗa masa gaskiya ido da ido. Gesualdo kuwa ya sami alƙalan da suka sallame shi, wannan sallama kuma ba jinƙai ba ce.

Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A majami'ar da ya gina wa 'yan Kafucin a garin Gesualdo akwai zane na 1609, inda aka nuna shi a durƙushe, kawunsa Borromeo yana gabatar da shi ga Kristi mai shari'a. Mutumin da kotu ta wanke ya sa an zana shi yana roƙon gafara. Ko tubarsa ta kai zuci, wannan tsakaninsa da Allah ne. Abin da zanen ya nuna a fili shi ne, hukuncin mutane bai ishe shi ba.

Darasin ya shafe mu. Mukan rufe ido ga laifin mai baiwa ko mai dukiya: mawaƙin da muryarsa ke cika majami'a alhali matarsa tana kwana da kuka, ko mai ba da baiko mai tsoka wanda ya danne haƙƙin ma'aikatansa. Mu karɓi alherin da Allah ya aiko ta hannunsu da godiya, amma kada mu bari ya zama kuɗin toshiyar bakinmu. Gafara tana da hanyarta: a furta zunubi, a bar shi, a gyara abin da zai gyaru.

In mun sami zarafin jin waƙoƙin Gesualdo, mu saurara da zuciya ɗaya. Mu yi masa addu'a, mu kuma ambaci Maria da Fabrizio cikin addu'ar nan.